Silin Wayar da Na Soka a Kan Dutse

Ranar Asabar da ta wuce Nura mai aski ya kinkimo ƙaramin janaretansa ya dire min a bakin shago, nan bayan layin dogo a Agege. Na kwance kafireta, na ga ɗan hancin da ke fesa mai ya toshe. Na ce ya hau danfo ya je Iyana Ipaja ya sayo sabo.

"Haba Baba, abeg," in ji shi. "Silin waya kawai za ka soka masa. Kowane makanike a Legas haka yake yi."

"To ka kai wa kowane makaniken."

Samarin da ke zaune a bencin mai shayi suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce ai Baba Mai Ƙanƙara, wato ni, bai san wahala ba, shekaru ya yi a Amurka yana kunna risho a kan dutse ana biyansa dala. Wani ya ce shi ma a ba shi ashana ya tafi gobe. Na ce tunda an ɗauke wuta kuma ba askin da za a yi, Nura ya jawo benci, in ba su labarin rishon nan da suke rainawa.

Ni haifaffen Agege ne, sunana Sale. Mahaifina goro yake sayarwa. Sana'ata ta fari ga-ruwa ce, tun kafin a fara turo jarkoki a kura. Sanda a kafaɗa, garwa ɗaya gaba ɗaya baya, ana hawa bene da su. Daga nan na koma koyon gyaran janareta wajen wani Bayarabe, Oga Lamidi. A shagonsa ba a jefar da komai. In abu ya fashe a ɗaure, in ya toshe a soka masa waya, in ya mutu a ciro hanjinsa a rayar da wani. Hannuna a wajensa ya nuna, kuma har gobe ina yi masa addu'a.

Da na ci cacar biza, sai na tsinci kaina a wani ƙaramin gari a yammacin Amurka, a gindin wasu duwatsu da in ka ɗaga kai za ka kalle su hularka za ta faɗi. Wanke kwanuka na fara yi a gidan abinci. Wata rana na ga takarda a bango ana neman wanda ya iya inji kuma ba ya tsoron sanyi. Rabi na farko gaskiya ne a kaina, rabi na biyu na yi shiru. Wadda ta ɗauke ni aiki wata mata ce mai karatun yanayi, sunanta Linda, ni kuwa Madam nake ce mata har na baro ƙasar.

Ga yadda abin yake. A can ba a damina irin tamu. Lokacin zafi, wato lokacin da gonaki ke neman ruwa, sama a bushe take. Tankinsu shi ne kan dutse. Cikin watannin sanyi dusar ƙanƙara na zuba tana taruwa a can sama, in zafi ya shigo ta narke a hankali ta gangaro cikin dam, daga dam a saki ruwan cikin kanal zuwa gonaki da famfunan gari. Shekarar da dutse bai yi fari sosai ba, kowa ya san za a sha wuya kafin kaka.

Aikinmu shi ne mu taimaki gajimare ya ƙara zubarwa. Akwai gajimaren da ke ɗauke da ruwa mai tsananin sanyi, ya isa ya daskare amma bai daskare ba, don bai sami ɗan ƙwayar da zai manne wa ba. Mu ke ba shi ƙwayar. Wani magani ne da ake haɗawa da azurfa da aidin, a narkar da shi cikin ruwa mai warin abin da mata ke goge jan farce da shi. Inji na fesa shi cikin harshen wutar gas, ya ƙone ya zama hayaƙin da ido ma ba ya gani sosai, iska ta kwashe shi ta hau dutse da shi ta shigar cikin gajimare. Injin kansa dogon ƙarfe ne mai bututu a ka, da tankin magani, da tukunyar gas da ta kai saniya girma, da faifan sola da batir. Madam daga ofis take kunna su. Ni ne mai hawa in tabbatar suna da rai.

Da na yi wa Inna bayani a waya, sai ta ce, "Sale, ka ji tsoron Allah. Kai ne yanzu mai saukar da ruwa?"

"Inna, in Allah bai aiko gajimare ba, ko dutsen muka ƙona ba abin da zai sauko. Tatsa kawai muke yi, saniyar ba tamu ba ce."

"To ka riƙa yin bismillah kafin ka tatsa."

Ban taɓa fashi ba kuwa.

Darasina na farko a kan baƙin hadari na same shi. Makona na biyu ke nan, na ga sama ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Na shiga ofis a guje na ce Madam a kunna, wannan irinsa ne ke cika gotar Agege har ruwa ya shiga ɗaki. Ta dube ni ta saman tabarau ta nuna min ma'aunin sanyi. Ta ce wannan gajimaren ɗumi gare shi, in mun ba shi magani mun zubar a banza. Kwana uku bayan haka wani fari-fari ya zo, mara kwarjini, wanda a Legas ko shanya ba za a kwashe dominsa ba, sai ga Madam tana rawar jiki tana kunna injuna ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar na daina nuna mata na san hadari.

Ba sanyi kaɗai ake dubawa ba. In iska ta juya baya, hayaƙin ya bi kwari ya tafi inda ba a aike shi ba. In ƙanƙara ta riga ta yi yawa har ana tsoron ta zabtaro kan hanya, dole a kashe komai ko da gajimaren ya fi kowanne kyau. Sau da yawa aikin zama ne da jira, kana kallon sama kamar mai jiran danfo ranar da babu mai.

Kayan aikina ba su da yawa. Sifana, filaya, ɗan buroshi, da kwalbar ruwan sabulu ta neman inda gas ke yoyo, wadda nake sawa cikin riga kusa da ciki don kada ta daskare. Ranar da na fara cire safar hannu na kama sifana, ƙarfen ya riƙe min fata, na yi ihu da Yarabanci da Hausa lokaci guda. Hawa kuwa da wani babur ake yi mai zamewa kan ƙanƙara, ni na sa masa suna okada, har Turawan wajen aiki suka kama sunan. Inda okada ta gaza sai a ɗaura wasu takalma masu faɗin faifai a taka. Ɓeraye kan shiga akwatin batir su yi gida su ci wayoyi. Akwai wata dabba mai kama da ƙaton kare mara wutsiya, beya suke ce mata, da ta mayar da injin lamba huɗu wajen sosa bayanta, duk kaka sai na je na miƙe shi.

Masu biyan kuɗin aikin manoman kwarin ne, ta ƙungiyarsu. Kuma mai saye duk inda yake halinsa ɗaya. In ƙanƙara ta zuba da yawa, wani ya tare ni a shago ya ce ni na sa ya kwana biyu yana share ƙofar gida. In ba ta zuba ba, a ce kuɗinsu muke ƙonawa. Mutanen bayan dutse kuma suka ce sace musu gajimare muke yi. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ba ni da abin nunawa. Janareta in ka gyara, ka ja igiya ya tashi, mai shi ya ga wuta. Amma ƙanƙara ba ta zuwa da tambari. Madam kanta cewa take ƙari ne kaɗan muke yi a kan abin da zai zubo da ma, kuma sai an haɗa shekaru ake gane shi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi min ƙorafi ba, wani tsoho mai gonar tuffa, Migel. Gonarsa ce ta ƙarshe a wutsiyar kanal, kuma ta bayanta hanyar injin lamba bakwai ta bi. Lamba bakwai shi ne mafi tsayi a cikin injunanmu, hayaƙinsa ne ke faɗawa daidai kan kwarin da ya fi cika dam. Duk wucewata sai Migel ya tsayar da ni ya cika min aljihu da tuffa. Ya san ba na cin alade, ya san in rana ta karkata zan nemi wuri in yi salla, har ya share min wani lungu a rumbunsa. A shekarar da nake ba ku labari yana da sabon dashe, ƙananan bishiyoyi layi shida da bai fi shekara biyu da sa su ba. Babbar bishiya tana jure ƙishi, ƙarama ba ta jurewa. A jikin bangon dam kuwa akwai wani jan layi. In ruwa ya kai layin bayan narkewa, kowa zai sha har ƙarshen zafi. In bai kai ba, 'yan wutsiyar kanal ake fara yanke wa.

Farkon sanyin shekarar na hau lamba bakwai don dubawar ƙarshe kafin a fara aiki. Na tarar hancin feshi ya toshe. Ɗan ƙarfe ne da bai kai kan yatsa ba, da rami siriri kamar gashi. Dokar aiki ita ce a cire a sa sabo. Na laluba jaka, ashe na baro sababbin a mota can ƙasa, tafiyar awa guda da rabi, ga iska na yankan kunne. Sai hannuna ya tuna Oga Lamidi. Na feƙe wata tsohuwar waya, na zaro sili ɗaya, na soka, na juya sau biyu. Na gwada, feshi ya fito, wuta ta kama. Na sauko ina yi wa kaina kirari, ina cewa Bature da kuɗinsa, ɗan Agege da dabararsa. Ko a takardar aiki ban rubuta ba.

Shekarar ta zo da fari. Watan farko gajimare biyu kacal suka zo masu amfani. Wata na biyu sama ta yi shuɗi tas, rana na haskawa, masu yawon buɗe ido na murna, manoma na tafiya kai a ƙasa. Duwatsun da na saba gani fari fat sai ga baƙaƙen duwarwatsu sun leƙo ta ko'ina. Duk ɗan gajimaren da ya gifta Madam sai ta kunna masa lamba bakwai. Kwamfutarta na nuna wuta na ci, kowa hankalinsa kwance. Hanyar can kuwa ta lalace, ƙanƙara ba ta isa okada ta bi ba, santsi kuma ya hana mota, don haka na daɗe ban hau ba.

Ana saura 'yan makonni sanyi ya ƙare, Madam ta kira ni da safe. Ta ce akwai babban gajimare na tafe, zai iso wajen la'asar, sanyinsa daidai, iskarsa daidai, kuma ba ta ga wani a bayansa ba. Ta ce in taka da ƙafa in duba lamba bakwai don a tabbata. Na hau. Na ƙwanƙwasa tankin magani da sifana, sai ya amsa min da ƙarar garwar da ba komai a ciki. Na duba ƙasan bututu, ga tabon magani ya bushe rawaya-rawaya. Silin wayata ya buɗa ramin. Maimakon feshi mai laushi, tsiyaya injin yake ta yi, maganin da ya kamata ya kai ƙarshen sanyi ya ƙare tun ban san yaushe ba. Wutar da Madam ke gani a kwamfuta wutar gas ce zalla. Risho ke nan na gaske, irin wanda kuke faɗa.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na kira Madam na faɗa mata komai, har da wayar. Ta ce, "Faɗa sai gobe. Yanzu ta yaya magani zai hau can kafin la'asar?"

Ta sa aka kawo magani cikin garewani biyu na ƙarfe masu murfi zuwa gonar Migel, da sabon hanci. Na gangaro na same su. Migel ya zuba mu a tsohuwar motarsa ya kai mu inda hanya ta ƙare. Direban da ya kawo kayan ya ɗaga garwa ɗaya, ya dubi hawan, ya ce sai dai a nemi mutum huɗu, kuma kafin a same su gajimare ya wuce. Ni kuwa idona na kan bayan motar Migel, inda ya tara sandunan da yake tokare rassan tuffa da su in sun yi nauyi. Na zaɓi ɗaya mai ɗan lanƙwasa, na ɗaure garwa gaba da baya, na naɗe rawanin wuyana na yi gammo a kafaɗa, na durƙusa na miƙe da su.

"A ina ka koyi wannan?" in ji Migel.

"A Agege. Wata jami'a ce a garinmu."

Sirrin ga-ruwa shi ne kada ka yi faɗa da sanda. Tana lilo, kana bin lilonta, ƙafa na sauka lokacin da garwa ke tashi. Shekara ashirin rabona da ita, amma kafaɗa ba ta manta ba. Sai dai benen Agege hawa uku ne, wannan kuwa ba ya ƙarewa, kuma iskar can sama ba ta cika ƙirji. Na faɗi sau biyu. Na sauya kafaɗa har na daina ƙirgawa. Da na iso, gajimaren ya riga ya rufe kan dutse, ba na ganin abin da ya wuce tsawon danfo a gabana. Na sa sabon hanci da yatsun da ba na ji, na juye magani, na ce Madam ta kunna. Na yi bismillah. Wutar ta sauya launi ta yi ruwan lemo, alamar magani na ci. Ina saukowa ƙanƙara ta fara sauka a kafaɗata, kuma kwana biyu ta yi tana zuba.

Washegari Madam ta yi faɗan da ta yi alkawari, ta yi shi da kyau. Ba ta kore ni ba. Ta sa aka ƙara wa kowane tanki ma'auni, ta kuma ce daga yau in ta ga silin waya a jakata sai ta sa na haɗiye shi.

Da zafi ya shigo, duk kwarin aka zuba wa jan layin nan ido. Ruwa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sannan ya tsaya. Na je da kaina na duba. Tsakaninsa da layin bai fi faɗin tafin hannuna ba. Aka yanke wa 'yan wutsiyar kanal rabin ruwansu. Migel ya zauna ya yi shawara da kansa, ya ga layi uku kawai zai iya shayarwa. Sauran ukun ya ce gara ya cire su da ya tsaya yana kallon suna bushewa.

Na tambayi Madam ko gajimaren da lamba bakwai ya yi ta ƙona wa gas zalla za su iya cike tafin hannun nan. Ta ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Ba wanda zai iya faɗa maka, Sale."

Ranar cirewa na je gonar ba tare da an kira ni ba. Na sami Migel da shebur. Na tsaya na faɗa masa zancen wayar tun daga farko, don bai san dalilin da tanki ya bushe ba. Ya saurara har na gama, yana kallon 'yan bishiyoyin da ko kafaɗata ba su kai ba.

"Kullum kana ce min ba za ka iya nuna min ƙanƙarar da ka saukar ba," in ji shi. "To wadda ka hana ma ba za ka iya nuna min ba. Kama nan."

Na kama. Yana haƙa ina tumɓukewa, har muka gama layi uku. Da zan tafi ya cika min aljihu da tuffar bara kamar yadda ya saba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na ƙara shekaru a aikin, na ga shekarun da dam ya cika har ya tumbatsa, kafin gwiwa ta ce ta gaji na dawo gida. Amma har yau in na ɗaga tafin hannuna sai na auna shi da bangon nan.

Nan na kai ƙarshen labarin. Can Nura ya ce, "To Baba, shebi ba a tabbatar wayarka ce ta jawo ba?"

"Ba a tabbatar ba. Ba a kuma wanke ta ba."

Ya dubi janaretansa, ya dubi ɗan hancin da ke tafin hannuna. Ya ɗauka ya jefa a aljihu don ya nuna wa mai shago irinsa, ya tsallaka titi ya tsaya jiran danfon Iyana Ipaja.